Ƙwallayen Rogo a Shayin Inna

Ranar Alhamis, 8 ga Afrilu, 1999, gari ya waye a birnin Khon Kaen da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Wanpen na tsugune a kicin da kwano a gabanta. A aljihun rigarta akwai wasiƙar da ta rubuta kwana arba'in da suka wuce.

Saurayinta Boonsong ne ya aiko mata tambaya daga Taiwan, inda yake aiki a masana'anta. In ta amince, zai dawo a yi aure. In watan Afrilu ya ƙare bai ji amsa ba, zai sa hannu a ƙarin shekara uku. Ta rubuta masa ta amince, amma ta ƙudurta ba za ta aika ba sai da yardar mahaifiyarta. Ita kuwa uwar, Lamduan, mai sayar da jan shayi da ƙanƙara a ƙofar gida, magana ɗaya ta yi: "Ba kya auren ɗan masu noman rogo."

A bayan takardarsa ya kwatanta yadda mutanen can ke mulmula garin rogo ƙanana kamar gujiya, su dafa, su zuba a shayi. Kewarsa ce ta sa take gwadawa. Karo na uku ke nan kwaɓin na narkewa a hannunta.

Lamduan ta leƙo. "Kunu kike damawa ko fenti?"

"Ƙwallayen shayi ne, Inna."

"Shayina ba ya son baƙo. Ganye, sukari, madara, ƙanƙara. Shekara ashirin ba wanda ya ce a ba shi abin tauna."

Wanpen ta sake ɗebo gari, ta ɗauki butar ruwa. Hawaye ya ɗiga a kwanon.

"Ajiye butar nan," in ji uwar. "Da ruwan ɗumi? Garin rogo ba ya jin lallashi, 'yar nan. Sai tafasasshe."

Ta narka jan sukari a tukunya, yana tafasa ta juye a kan garin, ta cusa hannu ba ko tsoron ƙuna. Nan da nan kwaɓin ya haɗe, ya yi santsi. Ta murza shi dogo, tana gutsura tana mulmulawa, ba ta ko kallo.

"Inna, a ina kika iya?"

Lamduan ta buɗe tafukan hannunta, duk tabo.

"Kin taɓa tambayar mafarin waɗannan? A gonar rogo aka haife ni. Tun ina shekara bakwai nake sara ina shanya. Rana ta cinye uwata a tsakanin kunyoyin rogo, ban ga tsufanta ba. Ranar da na bar ƙauye na ce abin da na haifa ba zai taɓa rogo ba." Ta share ido da gefen hannu. "Ga shi kin sa na taɓa da kaina."

"Ba gona zai kai ni ba, Inna. Shago yake so mu buɗe. Ko da gonar ce ma, ai can kika fito, kuma ban san macen da ta fi ki ba."

"Rufe min baki, ki sa ruwa a wuta."

Ƙwallayen suka taso saman ruwa, aka jiƙa su a ruwan sukari. Lamduan ta tace shayinta, ta cika kofi da ƙanƙara, ta kwarara madara. Da hannunta ta zuba cokali biyu na ƙwallayen. Ta kurɓa, ta tauna, ta sake taunawa.

"Kwana nawa takardar nan a aljihunki?"

Wanpen ta dafe aljihun. "Arba'in."

"Ni ke wanki a gidan nan. Kullum sai na ciro ta na mayar, ina jiran ranar da zan tarar babu. Gidan waya na bayan kasuwa, ba wanda ya ɗaure miki ƙafa." Ta ajiye kofin. "Je ki. Ki ƙara masa cewa sukarin da ya rubuta ya yi yawa."

Wanpen ta durƙusa, ta haɗa tafukanta, ta kifa goshi a ƙafar uwarta.

Sau da yawa hanin iyaye tsohon ciwo ne da ba su faɗa ba. Wanda ya yi haƙuri har ya ji ciwon, shi ke samun so da albarka tare.

Kafin sha biyun rana Wanpen ta liƙa kan sarki, da sauran gari a yatsunta, ta saki wasiƙar cikin jan akwatin gidan waya.