Hasanatu Mai Auna Ƙanƙara

A shagon mamak, wani gidan abinci a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, Zulkiflu, mai sayar wa ɗalibai wayoyi, ya fara ganin Hasanatu. Ya shigo yin tapau, wato sayen abincin rana ya tafi da shi, ita kuwa tana ta hararar kwamfutarta kamar ta zage ta.

"Lafiya dai, 'yar'uwa?"

"Ina fa lafiya! Radar ɗin nan shirme kawai take ba ni."

Ta ce digirinta na uku a kan na'urar da ake ɗaura wa jirgin sama ne. Jirgin yana shawagi bisa ƙanƙarar Antarctica, na'urar tana harba sigina ƙasa, abin da ya dawo shi ke nuna kaurin ƙanƙarar da inda take narkewa. Bai gane rabi ba, amma har abincinsa ya huce yana tsaye.

Soyayya ta yi nisa, sai aka zaɓe ta cikin masu tafiya Antarctica.

Mahaifiyarsa Hajjo ta kira daga Kano. "Matar da za ta tafi ƙarshen duniya ta bar ka? Ga Khaulah 'yar ƙawata nan kusa da kai a Titiwangsa!"

Hasanatu ta tafi. Ya rubuta: "Sanyin idona, kin sauka lafiya?" Shiru. Ya sake, shiru. Khaulah kuwa kullum sai ta aiko da tuwo. Haushi ya ishe shi, ya tura: "In ƙanƙara ta fi ni, ki faɗa min kawai."

Daga baya amsa ta zo: "Guguwa ta karya mana eriya, jirgi ya daina tashi, rabin aikina ya lalace. Na buɗe waya ina neman mai lallashina, na tarar da wannan. Na gode."

Ta dawo Kuala Lumpur, ta ƙi ɗaga wayarsa. Ya mayar wa Khaulah kularta ya ba ta haƙuri. Ya rame, har kwastomomi suka fara tambaya ko ciwo yake.

Da Hajjo ta gan shi a bidiyo, ta karɓi lambar Hasanatu ta kira da kanta.

"'Yata, da gaske za ki koma wajen nan?"

"Zan koma, Mama. Aikin bai ƙare ba."

Hajjo ta ce: "To ki yafe wa sakaran nan, a ɗaura aure kafin ki tafi. In zai yi jira, ya jira matarsa."

Hasanatu ta yi dariya, hawaye na zubo mata.

Ranar da aka ɗaura a Kano, saƙonta ya shigo: "Angona, saura ka koyi haƙuri."

Ya amsa: "Na fara, amaryata."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.