Littafin da Ke Bayan Mimbari

"Ki yi mini alkawari ba za ki sake karɓar littafi daga hannunsa ba!"

Angelina ta sunkuyar da kai a gaban mahaifinta tana hawaye. Martha, wata 'yar cocinsu, ce ta kai wa Baba Dabo tsegumi, don ita ma Davou take so. A ranar dattijon ya ƙone littattafan soyayyar da Davou ya ba 'yarsa, ya ce babu aure.

"Baba, labari ne kawai..."

"Littafin Kirista ɗaya ne. Sauran shara."

Ran Asabar 'yan cocinsu na East Greensboro, a ƙasar wajen da suke zaune, suka kai ziyara wata tsohuwar majami'ar katako a ƙauye, tsakiyar gonakin taba. Davou ne ya tuƙa motar.

Wata tsohuwa baƙar fata, mai kula da wurin, ta buɗe musu kabad a bayan mimbari. Littattafai ne jere, duk sun tsufa.

Baba ya cire hula, ya ɗauko ɗaya da hannu biyu. Bai iya Turanci ba, sai ya miƙa wa Davou.

"Ga abin da masu tsoron Allah suka bari. Karanta ka fassara, ka ji bambanci."

Angelina ta leƙa shafin, ta ga ba littafin addini ba ne.

"Ka karanto Zabura da ka," ta raɗa masa. "Ba zai gane ba..."

"Ba zan aure ki da ƙarya ba, masoyiyata."

Ya durƙusa.

"Baba, labarin wani masunci ne da yarinyar da ta jira shi shekara bakwai."

"A gidan Ubangiji?!"

Tsohuwar ta tambayi abin da ya faru. Da ta ji, ta yi magana a hankali, Davou yana fassarawa.

"Ta ce a zamanin bauta an hana kakanninta karatu, har da bulala. Da suka sami 'yanci, nan suka tara duk abin da ke da rubutu. Da wannan labarin kakarta ta koyi baƙi, sannan ta karanta Bishara da kanta."

Baba ya shafa bangon littafin da yatsa.

"To... ya dawo mata?"

"Ban kai ƙarshe ba, Baba."

Dattijon ya mayar da hularsa, bai dubi kowa ba.

"Karanta yanzu. Gobe bayan sujada ka zo gida ka ba ni sauran. Ka taho da kawunka."