Kwaɗo a Ƙofar Sito

Ranar da za a kawo lefen Sakinatu daga Argungu, gidansu na Gwadangaji ya cika da ƙamshin soyayyun kaji. Ita kuwa amarya, kamar yadda aka saba, an ce ta ɓuya maƙwabta, don kunya ce dangin miji su gan ta. Ta koma ɗauko cajar wayarta ke nan ta ji kuka ƙasa-ƙasa daga sito. Ta duba, kwaɗo a ƙofa!

"Innalillahi! Inna, Kausar kika kulle?"

Kausar ƙanwarta ce, 'yar shekara takwas, wadda zazzaɓi ya shanye wa ƙafafu tun tana goye. Duk sanda baƙin kunya za su zo, Zauro ake kai ta wurin kaka. Yau ba a samu mai kai ta ba.

"Rufa mini baki!" in ji mahaifiyarsu, Inna Balaraba. "Mi kike so? Su gan ta su ce gado na, su kwashe akwatunansu? Wuce ki ba ni wuri!"

Ai kuwa sai ga guɗa a zaure. Daga cikin sito muryar yarinyar ta fito: "Anti, akwatin kawai zan gani. Wallahi ba zan yi magana ba."

Nan zuciyar Sakinatu ta karye. Tana son angonta Mujtaba kamar ranta, amma ta ɗauki taɓarya ta doke kwaɗon. Ta goya Kausar, duk jikinta garin dusa, ta fito tsakar gida gaban baƙi, ta durƙusa.

Guɗa ta tsaya cak. Amarya da kanta, ba ko mayafi!

Gwaggo Sauda, yayar mahaifin ango, ta gyara tabarau. "Wannan ɗiyar wa ta?"

"Ƙanwata ce, Gwaggo. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Tsohuwar ta dubi yarinyar, ta dubi kwaɗon da ke ƙasa, ta miƙe. Ko ruwa ba su sha ba suka fita da akwatunansu. Inna ta ɗora hannu a ka tana kururuwa: "Kin kashe aurenki da hannunki! Kin huta!"

Da yamma Mujtaba ya kira. "Haba Sakina! Duk zancen da nike zuwa, kika ɓoye mini ƙanwarki? Haka kika ɗauke ni?"

"Sori, Mujtaba... tsoro na ji."

Ya kashe waya. Daga nan shiru. Sakinatu ta sha kuka har ta rame, 'yan unguwa kuwa sun samu abin taunawa. Amma kullum da yamma sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ta zaunar da Kausar, mai kallo ya kalla.

Ana haka, ran wata Asabar, mota ta tsaya. Gwaggo Sauda ce, ga akwatuna a bayanta. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta fara rantse-rantse cewa ciwon ba na gado ba ne.

"Dakata, Balaraba! Wa yat tambaye ki? Ke kina zaton ƙafafun ɗiya suka kore mu? Kwaɗonki ya kore mu! Muka ce, in Allah ya ba Mujtaba ɗa irin wannan, sito za a kai muna shi ke nan?"

Inna ta zube ƙasa.

"Yaron ne ya tsaya kai da fata," Gwaggo ta ci gaba. "Ya ce wadda ta yarda ta rasa shi don ƙanwarta, ita yake so ta haifa mai ɗiya. Sharaɗinmu guda: Kausar ce 'yar zaman ɗaki. Ta bi yayarta Argungu, ya sai mata keken guragu, ta shiga firamare."

Kausar ta zaro ido. "Ni? Da yunifom?"

Inna ta rarrafa ta rungume ta, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. "Ki yahe mini, ɗiyata."

Haka Allah ya saka wa Sakinatu haƙurinta. Iyaye, mu ji tsoron Allah: yaro mai nakasa ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya.