Haƙorin Zarto a Gungumen Falo

Da Sufeton 'yan sanda ya iso, an riga an kai kafintan da ke gyaran gidan asibiti, ba a san ko zai tashi ba. Gungumen rufin da ya faɗo masa yana kwance a tsakiyar falo, kuma dangi sun gama yanke hukunci: laifin Auta ne, ƙaramar 'yar gidan.

Ita ce ta karanta zanen gini, ta dage a gyara gidan mahaifinsu da tsoffin kaya, gungume daga rusasshen sito, tagogi daga makarantar da aka rushe. Yayanta, wanda kowa ke kira Babban Yaya, ya ce tun farko ya faɗa, ruɓaɓɓen itace zai kashe mutum. A ofishin 'yan sanda ma so ake a rubuta sakaci, a tsare yarinyar, kowa ya huta. Haka aka saba, mai ƙaramar murya shi ke ɗaukar laifi.

"Yallaɓai, ka duba itacen," in ji Auta. "Ka duba kawai kafin ka tafi da ni."

Sufeto ya durƙusa. Ba ruɓa ko kaɗan. An yanka gungumen ta sama har rabi, aka shafe wurin da ƙasa. A cikin yankan, haƙorin zarto ne ya karye a jikin tsohuwar ƙusa.

Ya tambaya ko aikin kafintan ne. Auta ta girgiza kai. Ta ce tsohon katako cike yake da ɓoyayyun ƙusoshi, shi ya sa ba mai aikinta da ke sa masa zarto sai ya bi shi da maganaɗisu tukuna.

Sufeto ya juya ga Babban Yaya, wanda hannunsa ke naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

"Ƙofar mota ce."

"To, buɗe mana but ɗin motar."

Ya ce makullin ya ɓata. Da aka ce za a kira makaniki, sai ga shi a aljihunsa. Ƙarƙashin tayar safaya akwai sabon zarto mai giɓi.

Babban Yaya ya zauna a ƙasa. Ya ce abokansa dariya suke masa, wai gidan ubansa ya koma bola. So yake gungumen ya faɗi kowa ya gani, a kori Auta daga aikin, a sayo kayan kanti. Bai zaci akwai mutum a ƙasa ba.

"Kana kallo za a tafi da ni, Yaya," in ji Auta.

Bai ɗago ba.

Mahaifiyarsu ta riƙe hannun rigar Sufeto tana kuka, tana roƙon a bar maganar a cikin gida.

"Mama," ya ce, yana zare hannunta a hankali, "matar kafintan tana zaune a ƙofar asibiti. Ita ma gida gare ta."

Ya sa wa Babban Yaya ankwa, suka fita.