Mai Akwati a Titin Jirgi

Shekara tara ina korar awaki daga titin jirgin sama a tsibirinmu, filin da ake kira na ƙasa da ƙasa alhali jirgi biyu ke sauka a yini. Daren nan ƙanwata Odessa na kwance a motar asibiti, haihuwa ta zo da gardama, muna jiran jirgin da zai kai ta babban tsibiri. Tun la'asar suke mana alkawari, sai ƙarfe ɗaya na dare jirgin ya taso.

Merlene, mai ba jirage umarnin sauka, ta kira ni daga hasumiya. "Alwyn, akwai abu a ƙarshen titi, wajen teku. Kawar da shi, in ba haka ba matuƙin zai juya."

Na figi mota raina a ɓace. Wani dattijo na tarar, da kwat da hula, riƙe da akwati.

"Baba, kanka ɗaya kuwa? Nan ka ga wurin shan iska?"

"Jirgina nake jira, ɗana. Sun ce yanzu-yanzu."

"Kowa ma haka suka ce masa! Matsa, rai biyu ne a motar can!"

Ko gezau bai yi ba. Ƙarnin teku ya cika mini hanci, akwatin kuma sai ɗiga yake. Na damƙi hannunsa na fizga. Sanyinsa ya ratsa ni har haƙora.

Sai fitilun jirgin suka haske mu. Na dubi kwalta. Inuwata ce kaɗai a miƙe, hannunta a ɗage, ba ta riƙe da komai.