Injin Da Bai Iya Ƙirga Ɗari Uku Ba

A wata makarantar sakandare a Talata Mafara akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ita ma ta san da haka. A ajin kwamfuta, kafin Malam Ishaku ya rufe baki ta ɗaga hannu.

Abu ɗaya ta ƙi jini, wato darasin Asambili. Shi ne yaren da ake yi wa inji magana da shi kai tsaye, umarni bayan umarni: ɗauki wannan, ajiye can, ƙara ɗaya.

"Malam, wanga ai yaren tsofaffi ne," in ji ta. "Abin da za a cika allo da shi, layi biyu na sabon yare ya isa."

"Gaskiyarki," in ji Malam. "Amma sabon yare tafinta ne tsakaninki da inji. Wata rana za ki so ki ji daga bakin injin."

Daga nan, duk ranar darasin sai ciwon kai ya kama ta. Ciwon kuwa mai hankali ne, da an tashi yake warkewa.

Babanta manomin rani ne a Bakura. Ya zuba irin albasa a fangali, wato ɗan filin rainon iri, shi ne abin da gidan ya dogara da shi a bana. Da hutu ya zo, yarinyar ta haɗa wata 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa ƙarama kamar farce. Ta umarce ta da sabon yare: ki kunna injin ban-ruwa, ki ƙirga daƙiƙa ɗari uku, ki kashe.

"Kin gwada ma Malam?" in ji Baba.

"Ba sai ya gani ba, Baba."

Ranar Talata Baba ya tafi kasuwa, ya bar wa na'urar gona. Na'ura ta kunna inji, amma ba ta kashe ba. Da ita da Baba suka zo gonar da la'asar, ruwa ya shafe kunyoyi, rabin irin ya kwanta cikin laka. Baba bai yi faɗa ba. Ya naɗe wando ya shiga tsamo abin da ya rage. Wannan shirun ya fi mata duka zafi, ta fashe da kuka.

Washegari ta kai wa Malam Ishaku na'urar har gida. Bayan sun gaisa ta ce, "Malam, na duba rubutuna, ban ga kuskure ba."

"To, mu tambayi injin."

Ya buɗe umarnin da Asambili, suka bi shi layi-layi. Can ya nuna mata wurin da na'urar ke ajiye ƙirge.

"Wanga wurin kamar mudu yake. In ya kai ɗari biyu da hamsin da biyar ya cika, sai ya zubar ya koma sifili."

Sai ta ce, "Ke nan har abada ba ta kai ɗari uku?"

"Har abada. Shi munka karanta ranar da kanki ya yi ciwo."

Kunya ta rufe ta. Malam ya tura mata kujera, ta zauna ta gyara da hannunta. Ta sha wuya, amma ta ji daɗin ganin cikin inji sarai.

"Ba kowane aiki za ki yi da shi ba," in ji Malam. "Amma wanda ya san shi, inji ba ya ɓoye mishi komai."

Irin da ya tsira ya isa dashe. Ranar gwaji ta tsaya a bakin fangali tare da Baba. Inji ya yi ta ruri, sai ya yi ɗif da kansa.

"Ɗiyata, yau ya iya ƙirga," in ji Baba yana dariya.

Ta gane cewa ba a raina ilimi don ya tsufa ko don yana da wuya. Ciwon kan nan kuwa, bai sake dawowa ba.