Muryar da Ta Rufe Ƙofar Jirgi

"Kar ki fito! Auta, na ce kar ki fito!"

Mai haɗa sauti ne ya faɗa, ya jawo ƙofar ɗakin ɗaukar murya ya murza makulli ta waje. Auta ta zube a kujera. Ɗakin ko taga babu, sai bango da aka lulluɓe da soso, da makirfo a gabanta, ga wayarta sai ƙara take, saƙonnin zagi na ta shigowa.

"Maciya amana!"

"Allah Ya isa tsakaninmu da ke!"

"Ki buɗe masa ƙofa, muguwa!"

Laifinta kuwa bai wuce aikinta ba. Auta tana cikin masu saka muryar Hausa a shirin nan mai dogon zango, Masu Neman Rana, labarin mutanen da duniyarsu ta lalace suka shiga wani ƙaton jirgi suna yawo a sararin samaniya neman wata. Ita ce muryar Injiniya. A kashin da aka nuna jiya, Kyaftin ya fita bayan jirgi yin gyara, sai Injiniya ta danna maɓalli ta rufe ƙofa, ta bar shi a waje iskarsa tana ƙarewa. Nan aka yanke shirin.

Ai fa gari ya ɗauka. Mai fuskar Injiniya tana can wata uwa duniya, ba wanda zai kai gare ta, sai aka huce a kan mai murya. Da safe aka wayi gari da hoton Auta a zauren masoya shirin na intanet, an rubuta a ƙasa wai ga wadda ta kashe Kyaftin. Kafin ta ankara matasa sun cika bakin get ɗin ofis, wasu da wasa suka zo, wasu kuwa har zuci.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara. Dogo ne, saurayinta mai kantin magani, wanda ake shirin sa musu ranar aure. Ta ɗaga.

"Rabin raina, kina ina?"

"Ina kulle..." Muryarta ta karye. "Dogo, an kulle ni kamar ɓarauniya."

"Ki yi haƙuri, zuciyata. Amma akwai wadda ta fi wannan." Ya rage murya. "Umma ta ji."



Umma, mahaifiyar Dogo, idonta ya yi rauni tun bayan rasuwar mijinta. Ba ta kallon shirin, sauraronsa take, ta jingina da kujera ta lumshe ido. A wurinta muryoyin nan su ne mutanen. Kyaftin kuwa ɗa ta ɗauke shi, har addu'a take masa in ya shiga haɗari. Ba ta taɓa gane Auta ba, domin in ta je gaisuwa kanta a ƙasa yake, maganarta ba ta wuce "lafiya lau, Umma".

"Wa ya faɗa mata?"

"Gimbiya."

Da ma! Gimbiya 'yar goggon Dogo ce, ita ke shugabantar zauren masoya shirin, kuma kowa a dangi ya san inda idonta yake. Ba sai an yi wa Auta bayanin wanda ya saka hoton ba.

"Umma ta ce ba za ta iya zama gida ɗaya da muryar nan ba," in ji Dogo. "Wai duk gaisuwar da za ki yi mata, ƙarar rufe ƙofa za ta riƙa ji. Auta, kun ɗauki kashin gaba, ko ba haka ba? Kin san abin da ya faru. Ki faɗa mata kawai!"

Ta sani mana. Ita ta saka muryar da bakinta, tana yi tana hawaye. Kyaftin ne da kansa ya ba Injiniya umarnin rufe ƙofar don wuta kar ta kai ɗakin yara, kuma ba zai mutu ba. Magana ɗaya za ta wanke ta tas.

Sai dai a aikinsu, duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya yi alkawari ba zai fitar da abin da ba a nuna ba, ko ga uwar da ta haife shi. In labari ya fita, masu shirin za su ƙwace aikin, ita da duk abokan aikinta su koma gida.

"Ba zan iya ba, Dogo."

"Ko don ni?"

"Kar ka ce haka... don Allah kar ka ce haka!"

Ta kashe wayar ta kifa kai a teburi ta yi kuka mai isarta. In ta yi shiru, maciya amana ce a wurin Umma. In ta yi magana, ta zama maciya amana ta gaske.

Sai da rana ta take, zafi ya kori masu zanga-zangar Kyaftin, sannan aka buɗe mata. Darakta ya fitar da ita ta ƙofar baya, ya dube ta da tausayi.

"Na san halin da kike ciki. Amma kin tuna alkawari?"

"Na tuna, Oga."

Daga nan gidan su Dogo ta wuce. Falon Umma ya yi mata ƙunci fiye da ɗakin soso. Umma na kan kujerarta fuska a ɗaure, Gimbiya na gefe ta ɗora ƙafa kan ƙafa da waya a hannu, Dogo kuwa ya rakuɓe a bakin ƙofa duk tsawonsa ya zama na banza.

Auta ta durƙusa. "Ina wuni, Umma."

Umma ta runtse ido. "Ita ce. Wallahi ita ce! Ashe ke nake ta yi wa Allah Ya isa tun jiya."

"Umma, aiki ne kawai. Abin da aka rubuta nake karantawa."

"Aiki?" Gimbiya ta taɓe baki. "In ba halin mutum ba ne, ya za a yi ya fito a bakinsa haka? Ni dai Umma, tsoro nake ji wa Yaya. Wata rana shi za a rufe wa ƙofa."

"Gimbiya!" Dogo ya daka mata tsawa.

Umma ta ɗaga hannu. "Tambaya ɗaya zan yi miki, yarinya. Yaron nan ya mutu ko yana raye? Kuma me ya sa kika rufe?"

Auta ta ga babban yatsan Gimbiya ya sauka a kan waya, a shirye take ta naɗi maganar.

"Ki gafarce ni, Umma. Ba zan iya faɗa ba."

"Saboda wannan?" Umma ta nuna wajen Gimbiya, don kunnenta ya fi idon kowa a ɗakin. "Ke Gimbiya, tashi ki ba mu wuri. Kai ma fita."

"Amma Umma..."

"Na ce ku fita!"

Suka fita, Gimbiya na buga ƙafa. Aka rufo ƙofa.

"To, daga ni sai ke. Matso ki raɗa mini. Ni tsohuwa ce, wa zan kai wa?"

Auta ta matso har gwiwarta ta taɓa ƙafar Umma. Saura ƙiris ta faɗa. Ta tuna Dogo, da yadda yake rufe kanti ya raka ta tasha, da ranar da ya ce in ba ita ba sai dai ya tsufa a kantinsa ba aure. Wallahi tana sonsa, son da ba ta san inda za ta kai shi ba in aka raba su.

"Na yi alkawari, Umma. Ba sirrina ba ne ni kaɗai, abincin mutane da yawa ne."

"Ko da zan hana ki ɗana?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Ko da... ko da haka ne."

Auta ta yunƙura za ta tashi, don ta riga ta sallama, sai ta ji hannu ya damƙi nata.

"Zauna. Wa ya sallame ki?"

Umma ta lalubo fuskarta, ta share mata hawaye da gefen mayafi.

"Kin ƙona mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Jiya ko abinci ban ci ba. Amma shekara nawa ina zaune da mutanen da in na yi tari a ɗaki sai dangi sun ji kafin in sha ruwa. Yau ga wadda na ɗora wa ɗana a faranti, ta ƙi sayar da maganar wasu." Ta numfasa. "Irinki ake ba sirrin gida."

"Umma..."

"Dogo! Shigo, na san kunnenka na jikin ƙofa."

Ya faɗo ciki har yana tuntuɓe.

"Ka je ka gaya wa kawunnanka su shirya, a je a sa rana. Ita kuma waccan ka ce ta goge hoton nan yanzu-yanzu, in tana son ta ƙara tako mini gida."

Dogo ya zube a gaban uwarsa. Ya juyo ya kalli Auta, idonsa ya cika.

"Rabin raina, ki yafe mini. Ni na fara matsa miki."

Ta gyaɗa kai tana dariya tana kuka.

Umma ta gyara zama, ba ta saki hannunta ba.

"Ranar da za a nuna na gaba, nan za ki zauna kusa da ni. In yaron nan ya rayu, na gode Allah. In kuwa ya mutu, ke za ki rarrashe ni, tunda ba ni da wata 'yar sai ke."